Wutsiyar Maciji a Cikin Goge

Shafi na 27

Masu cika min waya da "a ƙyale Virgil ya sha iska, mutumin kirki ne," na ji ku. Ku gyara zama. Wanda bai ci abinci ba ya fara ci tukuna, don ban ɗauki alkawarin zai iya ci bayan wannan ba.

*

"Nan ya yi miki, Inna Opal?"

Nadine ta buɗe kujerar tafi-da-gidanka a inuwar wani dogon gini, daidai inda jama'a ke kwarara zuwa babban dandamali. An rufe babban titin birnin Raleigh daga wannan kai har wancan, babu mota ko ɗaya, sai mutane da akwatunan kayan kiɗa a baya. Banjo mai kama da gurmi ta nan, goge ta can, kowace kusurwa da nata gungun makaɗan.

"Matsar da ni gaba kaɗan, 'yar nan. Ba dandamalin na zo kallo ba."

Nadine ta sani. Tsohuwar maƙwabciyar tasu ta zauna, ta gyara hoton da ke maƙale a ƙirjin rigarta. Dale ne, ɗanta tilo, rungume da jita yana dariya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da suka yi cacar baki, ya saɓa jitarsa ya ce kiɗa zai bi, kada ta ƙara sa ran ganinsa. Tun daga nan duk shekara sai ta biyo motar coci daga kan duwatsu zuwa wannan biki na bluegrass, kiɗan gargajiyar mutanen kan duwatsun, ta zauna tana karanta fuskokin mutane. Ta ce mai son kiɗa irin Dale, ko a ina yake, wata rana sai ƙafarsa ta kawo shi nan.

"Bana jikina na ba ni," ta ce.

"Bara ma haka kika ce, Inna," in ji Virgil, mijin Nadine, yana sauke jakar abinci. Bai dubi hoton ba. Bai taɓa dubansa ba, Nadine kuwa ta daɗe tana ɗaukar hakan taushin zuciya ne.

"Kai ma bara wannan hular ce a kanka, ban ce komai ba."

Nadine ta yi dariya. Inna Opal ta kamo hannunta ta matse.

"Ke dai kin fi ni, Nadine. Naki ya tafi, amma kina da kabarin da za ki kai wa fure. Ni aron naki nake yi."

Haka ɗin ne. Mako ɗaya ya haɗa musu rashin: Dale ya bar gida, bayan kwana biyu motar Coy, ƙanin Nadine, ta faɗa kwazazzabo ta kama da wuta. Duk ranar gyaran kaburbura, in dangi suka hau tudu da fartanya da kwanukan abinci, Inna Opal sai ta tsinko furannin ƙofar gidanta ta ajiye a kan Coy, tunda ba ta da wani wurin ajiye su.

"Bari mu kawo miki shayi mai ƙanƙara," Nadine ta ce, don ba ta son kukan ya fara tun da rana tsaka.

Suna cikin layin mai shayi ta ji shi.

Da farko ta ɗauka kunnenta ne. A titin da makaɗa ɗari ke gasa, kunne yakan ƙirƙiro abin da ya ga dama. Sai ya sake zagayowa, a hankali, can ta wajen wani banki da ke rufe.

Kiɗan Baba.

Ba shi da wani suna sai wannan. Mahaifinsu ne ya tsara shi, sau ɗaya ake kaɗa shi a shekara, a kan tudu, bayan an gama share kaburbura. Ya hana a ɗauke shi a kaset, ya hana a kai shi gasa. Gwiwa da gwiwa ya koya wa 'ya'yansa biyu. Baba ya rasu, Coy ya rasu. A duniyar nan, a sanin Nadine, hannu ɗaya ya rage da ya iya shi, kuma hannun yana riƙe da jakarta.

"Virgil, kana ji?"

"Ina ji mana. Tun safe ake kashe min kunne."

"Saurara dai."

Ta ga lokacin da ya gane. Wuyansa ya yi ja, fuskar kuma ta yi fari fat.

"Zo mu koma wancan layin," ya ce. "Ya fi sauri."

Ta kutsa cikin mutane, ta take ƙafar wani, ta ture kofin wata, ba ta tsaya ba da haƙuri ba.

Su biyar ne a ƙofar bankin, sun yi da'ira. Wani mai gemu da banjo, masu jita biyu, wata doguwa da bes, ƙaton gogen nan da ake kafawa a ƙasa. A tsakiya wata mace ce da ba ta wuce talatin ba, jan gashi ɗaure a ƙeya, idonta a lumshe. Gogen da ke ƙarƙashin haɓarta baƙi ne kamar gasasshen kofi, da tabon ƙuna a kafaɗarsa inda lofen Baba ya taɓa faɗawa.

Goge ana sace shi. Wannan Nadine ta faɗa wa kanta. Ko daga kabari ne ana iya sace shi.

Sai kiɗan ya zo inda yake hawa sama.

A nan Baba yakan danna da yatsan zobe, haka ita ma take yi. Coy ma haka yake yi, har hunturun da injin katako ya cire masa rabin yatsan. Daga nan sai ya koma zame yatsan tsakiya sama a kan tsirkiya, sautin ya riƙa fitowa kamar mai shessheƙa. Wata shida kawai ya yi yana gwada shi haka a gida kafin hatsarin.

Mai jan gashin yatsunta cif suke, lafiya lau. Amma da ta iso wurin sai ta ɗage yatsan zobe a iska, ta zame na tsakiya.

Kowa ya san ba a yi wa da'ira magana sai mai jan kiɗa ya ɗaga ƙafa alamar an zo ƙarshe. Ko yaron goye a kan duwatsu ya san wannan. Nadine ta faɗa tsakiyarsu.

"Wa ya koya miki?"

Kiɗa ya watse, kowa ya tsaya a inda hannunsa yake.

"Haba baiwar Allah," in ji mai banjo, "ba a ɗaga ƙafa ba tukuna."

"Ba da kai nake ba. Ke, wa ya koya miki?"

"Lafiya?" matar ta ce tana ja da baya. "Na san ki ne?"

Nadine ta fizge gogen daga hannunta, ta kai shi kunne, ta girgiza.

Kacau. Kacau-kacau.

Tsofaffin makaɗan kan duwatsu sukan jefa busasshiyar wutsiyar maciji, irin mai kacau-kacau ɗin nan, cikin goge. Wasu su ce tana ƙara zaƙin sauti, wasu su ce gizo-gizo take kora. Wannan macijin a bayan rumbun taba Baba ya kashe shi, Nadine ce ta miƙa masa fartanyar.

"Ke! Kin haukace ne? A ina ake taɓa kayan kiɗan mutum?"

"Wannan gogen yana cikin ƙasa. Ni na ba da shi a binne."

"To ki je ki tono naki. Wannan na mijina ne."

"Sunansa?"

"Ina ruwanki da..."

"Don Allah. Sunansa."

Wataƙila muryar ce ta karya ta. Matar ta dubi abokan kiɗanta, ta dubi Nadine.

"Ray. Ni kuma Keely. Yanzu ba ni gogena."

"Hannunsa na hagu. Yatsan zobe rabi ne."

Keely ta sauke hannun da ta miƙo.

"Ya aka yi kika sani? Injin jirgin kamun kifi ne ya cinye masa."

"Injin katako ne. Ni na naɗe shi da tawul."

Mai banjo ya cire hularsa, bai san ma ya cire ba.

"Ya hana ni kaɗa wannan a waje," Keely ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ya ce na cikin gida ne. Da ƙyar ma na jawo shi garin nan, ba ya son taro ko kaɗan. Ya tafi sayo mana nama, na ga layin da tsawo, na ce bari in ɗan... Baiwar Allah, ke wace ce?"

Wani hannu ya zare gogen daga na Nadine ya mayar wa Keely. Virgil ne.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Rana ce ta buge ta. Ku ci gaba da abinku."

Ya riƙe ta a gwiwar hannu, irin riƙon da bai taɓa yi mata ba, ya ja ta cikin wani lungu tsakanin gine-gine, inda masu gasa nama ke tara buhunan gawayi. Can a babban dandamali aka kece da tafi.

"Sake ni."

Ya sake ta.

"A hannunka na sa gogen nan, Virgil. Na ce ba zan iya kallon akwatin gawar ba, kai ka saka min."

"Nadine, ba nan ba. Mu je gida, in zauna in..."

"Me ka saka?"

Ya kawar da kai.

"Me ka saka a ciki?"

"Gidan gogen. Babu komai a cikinsa."

Ta dafa bango. Bangon da zafi.

"Yana raye."

"Yana raye."

Kada ku ce ba ta yi murna ba. Ta yi. Wata irin murna ta taso mata daga ciki har ta kusa faɗuwa, ƙaninta, Coy ɗinta mai satar mata wainar masara a kan murhu, yana numfashi, yana tsaye a layin nama cikin garin nan. Murnar ba ta kai ƙiftawar ido uku ba, don Nadine ba wawuya ba ce, kuma ta tuna nauyin akwatin da maza shida suka hau tudu da shi suna nishi.

"Kai ne na farko da ya isa kwazazzabon," ta ce a hankali. "Kai da motar kashe gobara. Kai ka rantse ka gan shi shi kaɗai yana tuƙi."

"Na rantse."

"Na tambaye ka yatsan. Ka tuna? Na ce ka duba yatsan."

"Wuta ba ta bar yatsu ba, Nadine."

"Wane ne?"

Virgil ya cire hular nan ta bara ya murɗe ta.

"A bakin rafi na same shi, zaune, jini a goshi, yana warin giya. Ƙofa ce ta buɗe ta wurgo shi. Sau biyu an riga an kama shi yana tuƙi a buge, kin sani. Na uku kuma har an rasa rai? Da sai dai a fito da gawarsa daga kurkuku. Mamanku kuwa da ciwon zuciya..."

"Ban tambaye ka wannan ba."

"Ya ce in bai tafi da gogen ba, kogi zai faɗa. Shi ya sa na kai masa bayan jana'iza. Tun daga ranar ban ƙara jin ɗuriyarsa ba, na rantse da Ubangiji. Na ce kada ya kira, kada ya rubuto, kada ya kusanci inda ake kiɗa."

"Virgil. Wane ne a cikin kabarin?"

Idonsa kawai ya kai bakin lungun, can tsallaken titi, wajen inuwar dogon ginin nan da suka bar Inna Opal.

Nadine ta toshe bakinta da hannu biyu.

"A'a."

"A rumfar Coy Dale ya kwana biyu bayan sun yi faɗan da uwarsa. Ba wanda ya sani."

"A'a, Virgil."

"Ya huce. Gida Coy zai mayar da shi. Saura lanƙwasa ɗaya ta hanya su isa ƙofarta."

Marin da ta kwaɗa masa sai da wani mai gasa nama ya leƙo. Virgil bai ko taɓa kuncin ba.

"Kai kake ɗaukar mata kujera," ta ce. "Duk shekara. Kai kake buɗe mata ƙofar mota, kai ka kai hoton aka wanke mata babba."

"Me kike so in yi? In bar ta ta zo ita kaɗai?"

"Mama ta mutu tana roƙon a kwantar da ita kusa da ɗanta. Muka kwantar da ita a gefen ɗan mutane! Ina tsaye a kansa duk shekara ina kaɗa masa kiɗan Baba ina kuka, kana bayana kana riƙe min jaka!"

"Don ke na yi."

"Kada ka kuskura."

"Don ke na yi, Nadine, ko ki yarda ko kada ki yarda. Kuma ki saurare ni yanzu, daga baya ki tsane ni. In maganar nan ta fita, Coy ya tafi, ni ma na tafi. Ke za ki rage a gidan nan ke kaɗai, babu miji babu ƙani. Ita kuma me za ta samu? Yanzu tana da abin da ke tashinta da safe. Ki karɓe shi ki ba ta ƙashi?"

"Nata ne ƙashin."

"Ki kai ta mota. Ki ce kanki ke ciwo. Ni zan tare shi kafin ya iso. Minti biyar, Nadine. Ki ba ni minti biyar, gobe ki ga ƙaninki a inda ba kowa, ki rungume shi."

Abin haushin shi ne ta so. Allah ya sani ta so. Ta share fuskarta da gefen riga, ta fito daga lungun ba tare da ta san abin da ta yanke ba.

Kujerar tana can cikin inuwa, babu kowa a kai.

Inna Opal tana ƙofar banki, a tsakiyar makaɗan, dogare da sandarta, ta ciro hoton tana nuna wa mai banjo.

"Ka duba da kyau, ɗana. Yanzu zai ƙara jiki, wataƙila da gemu irin naka, amma Allah ya sa ya fi naka gyara."

"Ban taɓa ganinsa ba, Inna. Ki yi haƙuri."

"Ba komai. Na gode." Ta juyo ta ga Nadine. "Ke kuma shayin daga China za a kawo? Ina zaune na ji kamar kiɗan babanku, na ce yau Nadine ta karya doka a tsakiyar birni? Na taso in gani."

"Inna, zo mu..."

"Ga shi can!" Keely ta ɗaga bakan gogenta sama tana kaɗawa. "Ray! Nan! Zo ka ji wani ikon Allah!"

Nadine ta waiwaya.

Coy ne. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gefen kai, ya ja hula har kan gira. Amma tafiyar tana nan, kafaɗar hagu a gaba kamar mai shiga ƙaramar ƙofa. Yana ratsowa cikin mutane da faranti biyu na takarda, nama da kabeji, yana kare su kada a ture. Bai gan su ba tukuna. Virgil yana can yana kokawa da wani ayarin masu kujeru, ba zai isa ba.

Nadine ta sha gaban tsohuwar. Ita doguwa ce, Inna Opal kuwa ba ta kai kafaɗarta ba. In ta tsaya a haka, in ta kama ta ta juya da ita, shi ke nan. Zai hango yayarsa, zai gane, zai ɓace cikin dubban mutanen nan kamar yadda ya ɓace a da.

"Matsa, 'yar nan, kin tare ni," in ji Inna Opal. "Mijin yarinyar nan ne? Bari in nuna masa shi ma. Ba na tsallake kowa."

Nadine ta dubi hoton. Dale yana dariya, gefen takardar duk ya sha hannu ya yi laushi.

"Nadine," Virgil ya kira daga nesa. "Nadine!"

Ta matsa gefe.

Inna Opal ta ɗaga hoton, da murmushin nan nata na roƙo da ta yi wa baƙi shekara da shekaru.

"Bawan Allah, don Allah ko ka taɓa ganin..."

Faranti ɗaya ya faɗi. Na biyun ya bi shi.

"Coy?" in ji Inna Opal. "Coy ɗin gidan Gosnell?"

Ya ƙura wa hoton ido.

"Ya Ubangiji! Ya Ubangiji mai iko!" Ta saki sandar, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana shafawa, tana dariya, hawaye na zuba. "Kai ne! Nadine, ƙaninki ne! Kin gani ko? Na ce miki bana jikina na ba ni! In wanda aka binne ya dawo, to nawa da ba a..."

Maganar ta tsaya.

Hannayenta suka sauka daga fuskarsa a hankali. Ta dubi Coy, wanda ya kasa ɗaga ido daga hoton da ke hannunta. Ta dubi Virgil da ya iso yana haki, shatin yatsu a kuncinsa. Sannan ta juyo.

"Nadine," ta ce, da wata ƙaramar murya. "Wa nake kai wa fure?"